Sarewar Dala Sittin

Ilu Mai-Darma ya naɗe ta da hannunsa
daga gwangwanin madara, a bakin Kasuwar Dole.
In ka juya ta ga haske
za ka ga rabin kan saniya a jikinta,
almakashi ya tafi da ƙaho ɗaya.
Ya ce dala sittin. Na taya hamsin.
Ya ce, "Busa tukuna, sannan mu yi ciniki."
Ni da furfura, in tsaya busa a kasuwa?

Na biya sittin na jefa ta aljihu.
Ba ta cika taƙi ba.
Ta kwanta tsakanin goro da makullin ɗaki,
ba nauyi, ba hudar riga,
har na yi kwana biyu da ita cikin mantuwa.

Famfon unguwarmu a Garin Malam
ba ya magana da rana,
sai dare ya raba, shi ma in ya ga dama.
Makon nan ni ke gadin layi:
jarka talatin da ɗaya a igiya guda,
ni da tabarma da sauro
muna jiran ruwa.

Nan na fito da ita.
Rami shida. Biyun sama sun zauna a yatsa
kamar da nawa aka auna.
Na uku ƙusar Ilu ta kauce,
sai ka karkace yatsa
kamar mai tsince tsakuwa a gero,
gefensa kuma da kaifi, ya bar mini zobe a fata.
Toshiyar bakin guntun ice ce.
Harshena ya gane ɗacin: aduwa.

Dukiyarta tana muryar tsakiya,
siririya, da ɗan yashi a ƙarƙashi,
irin ta wanda ya farka yana amsa sallama.
Ba ta son ƙarfi.
Numfashin da ka ke hura koko ya ishe ta.
Na ƙara kaɗan don in ga iyakarta,
ta yi tsalle ta tsaga mini kunne
kamar birkin kabu-kabu a kwanar Birni.
Karnukan bayan dutse suka amsa.
Can kuma danshin baki ya taru ta shaƙe,
na kaɗa ta a cinya sau biyu,
ta dawo kamar ba ita ta yi tsiwa.

Saura ta ƙasa.
Na rufe duk shida, na saki iska a hankali.
Abin da ya fito ba murya ba ne,
huci ne da ɗan gurnani a ƙarshe,
sak kukan bututu in ruwa na tafe.
Ƙyauren Barira ya buɗe da ƙarfi:
"Ya zo! Ya zo!"
Gida bakwai suka zubo da bokiti,
wani ba takalmi, wani riga a baibai.
Aka murɗa famfo. Ko ɗigo.
Ido goma sha huɗu suka sauka a hannuna,
na rasa aljihun da zan ɓoye sarewa.

Da zakara ya yi cara bututu ya yi huci na gaske.
Daga cikin ɗaki Barira ta ce,
"Malam Nomau, ka ji tsoron Allah!"
Ba wanda ya leƙo.
Ni kaɗai na cika talatin da ɗaya,
bayana har yau bai daina tuna mini ba
in na sunkuya alwala ko na tashi daga inuwa.

Na koma wa Ilu na ba shi labari.
Ya yi dariya har darma ta ɗiga masa a ƙafa.
Ya ce ɗigo ɗaya a gindi zai kashe hucin.
Na ce goge mini rami na uku,
ka bar ta ƙasa yadda ta ke.
Ga dala goma, ladan gogewa.